Kiristofa Li da Rigar Maye

A cikin shekarar 1997, da labari ya bazu a ƙasar Pakistan cewa wani mutumin Ingila wai shi Kiristofa Li shi ne zai fito a matsayin Muhammadu Ali Jinna cikin fim ɗin tarihinsa, sai waɗansu mutane da jaridu suka ta da ƙura. Jinna kuwa shi ne ya kafa ƙasar a 1947, suna ganin girmansa kamar uba. Babban abin da ya ɓata musu rai shi ne wai wannan ɗan wasa ai shi ne Dirakula, watau mataccen nan na almarar Turawa da ke fitowa daga akwatin gawa da dare yana shan jinin mutane, kusan abin da mu ke kira maye. Rigima ta yi tsanani har sai da aka riƙa gadinsa da bindiga muddin ana aikin.

Kafin mu yanke musu hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi wannan suna ya manne masa. An haifi Li a birnin Landan ran 27 ga Mayu, 1922. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu cikin rundunar jiragen sama ta Ingila, a Afirka ta Arewa da Italiya. Da ya shiga wasan fim bayan yaƙi, sai ya yi kusan shekara goma ba wanda ya kula da shi, don tsawonsa ƙafa 6 ne da inci 5, masu shirya fim kuwa ba su son ƙaramin ɗan wasa ya kere tauraronsu. Tsawon nan da ya hana shi ci gaba shi ne kuma ya buɗe masa ƙofa. A 1957 kamfanin Hammer ya nemi dogon mutum da zai zama dodon Frankenstein, aka ɗauke shi. Shekara na kewayowa aka sa masa baƙar alkyabbar Dirakula.

To, a nan ne ni ke so in daɗe, gama wanda bai ga fim ɗin 1958 ba bai san gwanintar mutumin nan ba. Farkon fitowarsa, ana hango shi tsaye a kan matakala cikin duhu, kiɗa yana ta ba da tsoro, kowa ya shirya ganin dodo. Sai ga shi ya sauko da sauri, ya yi wa baƙonsa maraba da ladabi da murya mai daɗi, kamar basaraken da ya saba karɓar baƙi, har ya ɗaukar masa kaya. Ba a jima ba aka sake ganinsa idanu jawur, baki duk jini, ya tsallake tebur kamar damisa. Maganar da ya yi cikin fim ɗin duka 'yar kaɗan ce, ita ma a farko. Sauran aikin da tsayuwa ya yi shi, da ido, da tafiyar da ba a jin motsinta. Lalle kururuwa kowa ya iya ta, amma mutum ya tsaya shiru ya cika ɗaki da kwarjini, wannan ba kowa ba.

Sau bakwai ya yi wa Hammer Dirakula, daga 1958 zuwa 1973, kuma gaskiya ana tafiya abin yana lalacewa. A fim ɗin 1966 bai ce uffan ba, sai huci. Shi dai ya ce ƙin faɗin maganganun da aka rubuta masa ya yi don ba su da kai, marubucin kuwa ya ce shi bai rubuta masa ko kalma ɗaya ba. Li ya sha faɗin cewa lallashinsa aka riƙa yi, ana ce masa in ya ƙi, ma'aikata da yawa za su rasa abinci. Watakila haka ne, amma fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda daga baya ya kan ji haushi in an ambaci Dirakula a gabansa. Sunan nan shi ya fitar da shi, kuma aikin farko ba abin kunya ba ne.

Ya yi ƙoƙarin tuɓe rigar. A 1973 ya yi The Wicker Man, wanda ya ke alfahari da shi ƙwarai. A 1974 ya zama abokin gābar James Bond, a 1977 ya ƙaura Amurka don neman wasa iri dabam. Duk da haka mugu ake ba shi yawanci, kuma laifin ba na masu shirya fim kaɗai ba ne. Mutumin yana da aibi guda: jikinsa a sandare ya ke, muryarsa kullum ta mai ba da umurni ce. Ka sa shi sarki ko alƙali ko boka ya cika wurin, amma da wuya ka gaskata shi in ya fito talaka mai rauni.

Saboda haka ni ke ganin masu ƙarar Pakistan sun yi kuskure sau biyu. Na farko, sun ɗora wa ɗan kwaikwayo zunubin wanda ya kwaikwaya, kamar a kama maga-takarda don zafin wasiƙar da aka ba shi ya karanta. Na biyu, ba su lura ba cewa abin da ya sa ya iya Dirakula shi ne ya dace da Jinna, wanda lauya ne dogo, siriri, mai kamewa, marar yawan fara'a. Sandarewar nan da ke aibi a wani wuri, a nan ta zama kamanni. Kuma a ƙarshen fim, inda Jinna ya tsaya cikin ayarin masu hijira hawaye suka zubo masa, abin ya fi ratsa zuciya don mai kallo bai saba ganin fuskar nan ta karye ba. Fim ɗin ya fito a 1998, yana da nasa rauni, musamman dabarar nan ta nuna Jinna a lahira ana bin diddigin ayyukansa, wadda ni dai ba ta kwanta mini ba. Li kansa ya ce wannan ne wasa mafi muhimmanci da ya taɓa yi, ga shi kuwa bai samu shiga gidajen sinima da yawa ba.

Da tsufa ya zo, sai kasuwarsa ta sake buɗewa. Ya fito a talabijin cikin Gormenghast a shekarar 2000, sa'an nan ya zama boka Saruman cikin The Lord of the Rings a 2001, da Dooku cikin Star Wars a 2002, dukansu miyagu ne masu sarauta, kuma bai ɓoye murnarsa da Saruman ba. An ba shi lambar girma ta Sir a 2009. Ya mutu a Landan ran 7 ga Yuni, 2015, yana da shekara 93.