Hadayar Da da Ibadar Yau: Nazarin Hanyar Kwatance a Manyan Makarantun Tauhidi

A manyan makarantun tauhidi na Kirista da sassan nazarin addini na jami'o'i, ɗalibin da ya kai matakin digiri na biyu ko na uku ba ya tsayawa ga karanta nassi da sharhinsa kaɗai, domin ana so ya san yadda mutanen da nassin ya zo a cikinsu suke yanka da wankan tsarki da azumi da binne mamaci, sannan ya duba ko akwai wata al'umma da har yau take yin abin da ya yi kama da wannan. Hanyar ita ake kira kwatancen ibadu, wato ajiye ibadar da ta shuɗe kusa da ibadar da ake gani da ido domin ɗaya ta haskaka ɗaya. Dalilin bukatarta shi ne cewa tsofaffin littattafan ibada a taƙaice suke: Littafin Firistoci, na uku a Attaura, yana faɗin irin dabbar da za a yanka da inda za a yayyafa jininta, amma da wuya ya faɗi abin da firist yake furtawa ko abin da mai hadayar yake nufi, tun da waɗanda aka rubuta wa sun riga sun sani. Wannan giɓi ne malamai suke ƙoƙarin cikewa da abin da suka gani a wurin masu rai, kuma a nan ne amfanin hanyar da haɗarinta suke kwance tare.

Wanda ya fi kowa tasiri wajen shigar da hanyar cikin karatun Tsohon Alkawari shi ne William Robertson Smith, malamin Ibrananci a kwalejin wata ikkilisiya da ke Aberdeen a Sikotlan, wanda aka sauke daga kujerarsa a 1881 saboda rubuce-rubucensa kan tarihin littattafan Baibul, daga baya ya zama farfesan Larabci a Cambridge. Smith ya ziyarci Hijaz a 1880, ya kai Jidda da Ɗa'ifa, kuma a littafinsa na 1889 kan addinin Samiyawa, wato dangin al'ummomin da suka haɗa da Larabawa da Ibraniyawa da Aramiyawa, ya kafa da'awa biyu. Ta farko ita ce a tsofaffin addinai aiki ne yake gaba, bayanin aƙida yana biyo baya. Ta biyu ita ce asalin hadaya ba kyauta ba ce ga abin bauta, cin abinci ne tare da shi, wanda yake ƙulla zumunci tsakaninsa da dangin da suka yi yankan. Da'awar farko ta tsaya da ƙafarta har yau, kuma ita ce ta sa ake koyar da ibada a matsayin fanni mai zaman kansa. Ta biyun kuwa an gina ta ne a kan zaton cewa Larabawan ƙauye sun adana mafi tsufan siffar addinin Samiyawa, kamar dai shekaru ba sa wucewa a hamada.

Babbar hujjar Smith wani labari ne da ake dangantawa ga wani sufin Kirista mai suna Nilus na ƙarni na 5, wanda ya bayyana yadda wasu makiyayan Sina'i suke yanka raƙumi domin tauraron gamzaki, su cinye shi ɗanye, nama da hanji, kafin rana ta fito. Labarin ya yi farin jini ƙwarai, har Sigmund Freud ya jingina da shi a littafinsa na 1913 kan asalin addini, alhali shaida ce guda ɗaya tak, daga marubucin da bai kasance cikin mutanen da yake sifantawa ba. A 1955 Joseph Henninger, wani firist ɗan Katolika masanin al'adun Larabawa, ya nuna cewa labarin ya fi kama da ƙagaggun hikayoyin Helenawa, kuma bai dace da sauran abin da aka sani game da yankan Larabawa kafin Musulunci ba. Shekara guda bayan haka E. E. Evans-Pritchard ya fitar da bincikensa kan addinin Nuwer na Kudancin Sudan, mutanen da ya zauna a cikinsu yana kallon yadda suke yanka shanu, ya tarar cewa galibin hadayarsu domin kawar da masifa ne da neman sassauci, cin naman kuwa yana zuwa daga baya kuma ba shi ne zuciyar ibadar ba, har ma wanda ba shi da sa yana iya tsaga gurjin daji a madadinsa. Abin lura shi ne ba nassi ne ya rushe ra'ayin Smith ba, kwatancen da aka yi da kyau ne ya rushe wanda aka yi da gaggawa.

Kafin wannan lokaci ƙasa ta riga ta fara bayar da shaidar da ta fi kusa da nassin. Tonon da aka fara a 1929 a Ras Shamra da ke gaɓar tekun Siriya ya fito da allunan birnin Ugarit na ƙarni na 14 da na 13 kafin Miladiyya, cikinsu har da jerin hadayun da ake miƙawa a haikalin birnin, inda hadayar ƙonawa da hadayar salama suke zuwa a jere kamar yadda suke a Littafin Firistoci. Karatun digiri a wannan fanni ya karkata ga harsuna, ana bukatar ɗalibi ya ƙware a Ibrananci da Helenanci, sau da yawa ya ƙara da Aramiyanci ko Ugaritanci ko Akkadiyanci, domin maƙwabcin zamani ɗaya ya fi wanda ya zo bayan shekara dubu uku cancantar zama shaida. Sai dai allunan hadayar ma jerin sunaye ne na dabbobi da ranaku, ba su amsa tambayar ma'ana ba.

Shi ya sa Samariyawa suke da matsayi na musamman a darussan ibada. Al'umma ce da ba ta kai mutum dubu ba, rabe tsakanin ƙauyensu na kan Dutsen Gerizim kusa da Nablus da garin Holon kusa da Tel Aviv, kuma su ne suka ci gaba da yankan Idin Ƙetarewa bayan da hadayar Yahudawa ta tsaya da rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 Miladiyya. Suna yanka raguna da faɗuwar rana, su gasa su a ramukan wuta, su ci a daren, su ƙone abin da ya rage, bisa umarnin sura ta 12 ta Littafin Fitowa. Ɗalibin da ya ga wannan zai fahimci abubuwan da takarda ba ta koyarwa, kamar yawan hannun da aikin yake bukata da tsawon lokacin gashi da yadda dukan dangi suke shiga ciki. Kuskuren da yake jiransa shi ne ya ɗauka cewa ya ga Isra'ila ta dā da idonsa, alhali addu'o'in da ake rerawa a wurin yawancinsu an tsara su ne a ƙarni na 4 Miladiyya da kuma ƙarni na 14, kuma al'ummar ta yi ɗaruruwan shekaru tana magana da rubutu da Larabci a cikin Musulmi. Kama da wane ba ta wane. Abin da ake gani a Gerizim fassarar Samariyawa ce ga nassin, mai nata tarihin, kuma darajarta tana cikin hakan.

Wata hanya ta daban ita ce ta Mary Douglas, masaniyar halayyar al'umma 'yar Ingila da ta yi bincike cikin mutanen Lele na Kongo. Ba ta ce Lele da Isra'ilawa tushensu ɗaya ba, ta ɗauko tambaya ce kawai daga wurin masu rai ta kai wa nassi: me ya sa al'umma take ware wasu dabbobi ta ce ƙazantattu ne? A littafinta na 1966 ta amsa da cewa ƙazanta ita ce abin da ya fita daga rukuninsa, don haka alade ya haramta saboda kofatonsa a tsage yake amma ba ya tuƙa. Malaman Ibrananci, musamman Jacob Milgrom, wanda sharhinsa na Littafin Firistoci ya fito a mujalladi uku tsakanin 1991 da 2001, sun nuna mata wuraren da bayanin bai bi lafazin nassin ba, kuma ta koma ta sake nazarin littafin, ta sauya ra'ayinta a aikinta na 1999. Wannan kai da komowa tsakanin mai tambaya daga fage da mai riƙe da harshe shi ne mafi kyawun abin da hanyar ta haifar.

Kwatancen yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma, inda ake ɗauko tsohuwar ibada a gyara ta yau da ita, kuma a nan kuskuren malami yana kaiwa har bagade. A farkon ƙarni na 20 masana suka yanke cewa wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya, wanda aka sani da Al'adar Manzanni, Hippolytus ne ya rubuta shi a Roma wajajen shekara ta 215, kuma yana nuna ainihin sujadar Roma ta wancan zamani. Bayan Majalisar Vatikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, Cocin Katolika ya gina addu'arsa ta biyu ta Jibin Ubangiji, wadda ta fito a 1968, a kan addu'ar da ke cikin wannan littafi, kuma wasu ɗarikun Furotesta sun bi sahu. A 2002 Paul Bradshaw da abokan aikinsa biyu suka fitar da sharhin da ya kawo hujjar cewa littafin haɗe-haɗe ne daga wurare da zamuna daban-daban, asalinsa na Helenanci ya ɓata sai gutsattsari, abin da ya rage fassarori ne na Latin da Kibɗanci da Larabci da harshen Ge'ez na Habasha. Addu'ar ba ta rasa kyawunta ba, amma hujjar tarihin da aka gabatar da ita ta yi rauni.

A Afirka tambayar ta ɗauki wani nauyi, domin ɗalibin da yake karanta hadayar Littafin Firistoci wataƙila kakansa ya yi yanka a gindin tsamiya. Andrew Walls, wanda ya fara koyar da tarihin ikkilisiya a Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo a 1957, ya sha bayyana cewa a can ne ya gane matsalolin Kiristocin ƙarni na 2 su ne matsalolin ɗalibansa. Almajirinsa Kwame Bediako ɗan Gana ya mayar da wannan fahimta kundin digiri na uku a Aberdeen, aka buga shi a 1992, inda ya jera marubuta huɗu na ikkilisiyar farko, Tatian da Tertullian da Justin da Clement na Iskandariya, kusa da huɗu na Afirka, Bolaji Idowu da John Mbiti da Vincent Mulago da Byang Kato. Ƙarfin aikin shi ne bai kwatanta ibada da ibada ba, ya kwatanta hali da hali, wato yadda sabon mai bi yake hukunta addinin iyayensa. Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya rasu a 1975, ya yi nazarin addinin mutanensa na Jaba ya kuma yi gargaɗi mai zafi kan cakuɗa addinai, don haka Bediako ya ga kusancinsa da Tertullian, yayin da Idowu da Mbiti suka fi neman ci gaba tsakanin tsohon da sabon.

Abin da ɓangarorin biyu suke yawan mancewa shi ne addinin gargajiya ma ba daskararre ba ne. Joseph Greenberg, a bincikensa kan Maguzawan ƙasar Kano da aka buga a 1946, ya nuna yadda Musulunci ya riga ya ratsa tunaninsu, har iskoki suka zama ɗaya da aljanu a fahimtarsu, ta yadda wanda ya ɗauki yankan Bamaguje a matsayin hoton Kan'ana ta dā ya maimaita kuskuren Smith ne a ƙofar gidansa. Haka nan tambayar da fastoci a Arewacin Najeriya suke fuskanta duk Babbar Sallah, ko ya halatta Kirista ya ci naman layyar maƙwabcinsa, sau da yawa ana amsa ta da sura ta 8 ta Wasiƙar Farko ga Korintiyawa, wadda take magana kan naman da aka miƙa wa gumaka. Amma Korinti birni ne na haikalai masu gumaka, layya kuwa ana yin ta ne da sunan Allah ɗaya domin tunawa da Annabi Ibrahim, kuma raba naman ga maƙwabta da mabukata yana cikin tsarinta, don haka duk hukuncin da malami zai yanke, ba zai yanke shi da gaskiya ba sai ya san abin da Musulmi da kansu suke cewa suna yi. Ba sabon sharaɗi ba ne wannan, domin Albiruni sai da ya koyi Sanskirit kafin ya rubuta littafinsa kan addinin Indiyawa wajajen 1030.

A nan ne tsarin karatun yake da gurguwar ƙafa. Manhajar tauhidi ta saba ba harsunan dā shekaru, tana jarraba ɗalibi a kan nahawun Ibrananci kalma bayan kalma, amma idan aka zo ga ibadar masu rai, sau da yawa ana barinsa da abin da ya ji ko ya tuna tun yana yaro, ba tare da horo kan zama cikin jama'a da yin tambaya da rubuta abin da aka gani dabam da abin da aka zata ba. Makarantar da take ba da digiri na uku a kwatancen ibadu ya kamata ta wajabta wa ɗalibinta binciken fage da tsananin da take wajabta masa nahawu, kuma kundin da ya kawo kamanni goma bai bayyana bambanci ko ɗaya ba, bai cancanci a amince da shi ba.