Samanja Mazan Fama: Wasan da Ya Buɗe Ƙofar Bariki

A zamanin mulkin soja, hango kaki kaɗai kan sa talaka ya sauya hanya. A irin wannan lokaci ne Alhaji Usman Baba Pategi ya ɗauko samanjan soja, wanda ko kurata ke kyarma in ya daka tsawa, ya shigo da shi tsakar gidajen Arewa, yara da manya suna dariya har da hawaye. Wannan ita ce babbar nasarar Samanja Mazan Fama, wasan da rediyon Kaduna da talabijin ta NTA Kaduna suka yaɗa, ya yi tashe musamman a shekarun 1980.

Ƙarfin wasan daga gaskiyarsa yake. Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta jihar Kwara, kuma ya sa kaki da kansa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Fareti, horon kurata da zaman gidajen bariki duk ya san su ciki da bai. Shi ya sa in ya murza gashin baki ya zare ido, tsohon soja kan gane maigidansa na da, farar hula kuma ya ga abin da bai taɓa leƙawa ba.

Bakin Samanja ne ya fi komai armashi. Yakan fara da Hausa, ya faɗa Turancin buroka, ya komo Hausa cikin numfashi ɗaya, kamar yadda ake yi a bariki inda kowace ƙabila ke da wakili. Mutumin unguwar Liman Abaji a Keffi, da ke cuɗanya da sojojin barikin Shitu Alao a kasuwa da tasha, ya san wannan harshe sarai. Da shi wasan ya samu masu kallo har cikin waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba.

Bayan dariyar akwai tausayi. Mai tsawa a filin fareti yakan dawo gida ya tarar da rigimar iyali da ƙarancin kuɗin cefane, sai ka ga ashe shi ma ɗan Adam ne mai rauni. Pategi bai wulaƙanta soja ba, bai kuma ɓoye ɗagawarsa ba.

Mai kallon yau zai lura da rauninsa: kyamara ba ta cika motsi ba, wata fitowar kan yi tsawo, nasiha kan fito ƙarara. Duk da haka, iya sarrafa murya da sanin lokacin sakin magana sun rufe wannan giɓi.

Allah ya yi wa Pategi rasuwa a Kaduna cikin Nuwamba 2023. Haƙƙin da ya rage a kan NTA da Rediyon Tarayya na Kaduna shi ne su tattara faifan da suka saura, su gyara su, su sake nuna su, domin masu barkwancin Kannywood na yau su koyi yadda ake ba da dariya ba tare da zubar da mutuncin kowa ba. Allah ya jiƙansa da rahama.