Gardamar iPhone da Tecno: sa'insa kan rigar aro

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a zaurukanmu na WhatsApp. Wani ya ɗora hoton iPhone ya ce wagga ita ce waya, saura duk tarkace. Kafin shayi na biyu ya nuna, ƴan Tecno da Infinix sun taso mai. Daga nan sai baƙar magana: "talaka", "ɗan ƙarya", "kai mi ka sani?" Ni ban ƙi gardama ba, da ita ake wasa ƙwaƙwalwa. Abin da nike suka shi ne ma'aunin da muke awo da shi, don na aro ne.

Ku duba hujjojin da ake kawowa: kyamara mai ido uku, saurin wasan bidiyo, launin baya. Duka daga bidiyon ƴan YouTube na Amurka da Faransa muka kwaso su, mutanen da wuta ba ta ɗaukewa a gidajensu. Mu kuwa a Filinge muke. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har Yamai ta sha duhu. A ƙauyukan Kurfai da yawa, wurin mai faranti mai aiki da rana ake kai waya caji a biya. Ga wanda ke cikin wannan hali, tambayar farko ita ce: kwana nawa batiri zai yi?

Ta biyu, layi nawa take ɗauka? Kowa ya san inda rezon Airtel ke kamawa, na Moov ko na Zamani kan ɓace. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix, ya gane haka tun da wuri, ya cika kasuwannin Afirka da waya mai layi biyu da babban batiri. (Ashe ma mai Infinix da ke yi wa mai itel dariya, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.) Ita kuwa iPhone, tun daga ta 14 da ta fito a 2022, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin saka siim sam. Ba ta kuma karɓar katin memwar, alhali da shi da Xender muke musayar darussa ba tare da an ƙone kiredi ba. Ga kuma tsohuwar hannu da kan zo a kulle da asusun mai ita na farko. In haka ta faru, ka sayi madubi ne mai tsada.

To amma kada ƴan Android su yi saurin tafi. Mai iPhone yana da hujja guda mai ƙarfi, ko da shi kansa bai cika faɗinta ba: tsawon rai. iPhone 6s ta fito a 2015, kuma ta samu sabon tsarin iOS har 2021. Wayoyinmu masu araha sau da yawa da tsarin da aka sayo su da shi suke tsufa. A watan Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai na 5 ba. Waya lafiya lau, allo bai fashe ba, amma ta zama fitila. Sannan a 2020 masu bincike sun gano wata muguwar manhaja a cikin wasu Tecno W2 tun daga kwali, tana cinye kiredin mutane a ɓoye. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Wani lokaci ma a bayan fage ake biyan cikon kuɗin.

Haka abin yake ga kwamfuta. Ana musu tsakanin Windows da Mac, alhali yawancinmu tsofaffin kwamfutoci ne da aka sallamo daga Turai za mu iya saye. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma da yawa cikin irin waɗannan na'urori ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Akwai Linux, kyauta ne, yana tafiya a kan tsohuwar na'ura. Sau nawa kuka ji an ambace shi a zaure? Ba a ambatarsa, don ba ya sa a ce da kai wane.

Nan ne gizo ke saƙa. Gardamar tamu ta matsayi ce, na'ura fakewa ce kawai. Kuma tana da farashi. Kuɗin wayar ɗalibi, in ba na ɗan ci-rani ba ne da ke shan rana a Legas ko Abijan, to na tunkiyar inna ne ko na buhun hatsi. Idan yaro ya matsa wa gida lamba don kada a kira shi talaka a zaure, damina guda ce ya sa a aljihu.

Wani abin da ya fi ba ni haushi: da Hausa muke wannan faɗa, amma ba wanda ke tambayar ko wayarsa na rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Gboard na da Hausa, a cikin saiti take, minti biyu ya isa. Mu da ke kiran kanmu marubuta, muna rubuta "kasa" mu bar mai karatu ya yi canki tsakanin ƙasa da kasawa.

Don haka in gardamar ta sake tashi, ku tambayi mai cika bakin abu huɗu: kwana nawa cajinta ke yi, wa zai gyara ta a Filinge ba sai an aika Yamai ba, shekara nawa kamfanin zai ci gaba da sabunta ta, kuma wa ya biya kuɗin. Wanda ya amsa huɗun nan tsakani da Allah, a zuba mai shayi na farko.