Akushi, gizago da injin murza itace

Idan aka tashi maganar abin da ya sa akushi ya ja baya a gidajen Hausawa, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin 'yan boko ita ce masassaƙa sun ƙi ci gaba: har yau gatari ne da gizago a gindin bishiya, alhali duniya ta koma inji. Amsar tana da daɗin faɗi, amma ta kauce wa inda ciwon yake. Wanda ya san ƙasar da ta tashi daga Ƙofa da Bebeji, ta bi ta Kiru da Tudun Wada har Doguwa, ya san cewa hannun masassaƙi bai gaza ba. Jarin sana'ar nan shi ne sanin halin ɗanyen itace, wato yadda yake motsi yana bushewa, kuma wannan sani yana nan a hannun masu shi. Abin da yake ƙarewa shi ne manyan itatuwan da ake sassaƙawa. Saboda haka injin murza itace, wanda yake juya gungume ana fafe shi da ƙarfe mai kaifi, ba shi da wani amfani ga akushi sai gwargwadon itacen da zai iya tsimi. Da wannan ma'auni ya kamata a auna shi, ba da saurinsa ko sheƙin aikinsa ba.

Sabon gungume cike yake da ruwa, wani lokaci ruwan ya kai nauyin busasshen itacen ko ya fi. Yana fara bushewa ba ya canza kama, sai ruwan da ya rage ya sauko kusan kashi 30 cikin ɗari, daga nan jikinsa ya fara tsukewa. Tsukewar kuwa ba daidai take ta kowane ɓangare ba. A tsaye, wato yadda bishiyar ta miƙe, kusan ba ya raguwa ko kaɗan. Daga cibiya zuwa ɓawo yana raguwa kaɗan, a kewaye kuma yakan ragu kusan ninki biyu na wannan. Shi ya sa gungumen da aka yar a rana yake darewa daga cibiya zuwa waje. Masassaƙi bai karanta alƙaluman nan a littafi ba, amma aikinsa ya nuna ya san su. Yana aiki itacen na ɗanye, domin a lokacin ne gizago yake shiga da sauƙi, sassaƙe na fita fale-fale da damshinsa, kaifi kuma ba ya saurin dakushewa. Yana ƙoƙarin kaurin akushi ya zo ɗaya daga baki zuwa gindi, don kada wani wuri ya bushe ya bar wani. In ya gama fafewa ba ya shanya shi a rana, inuwa yake nema masa, musamman da hunturu, lokacin da iskar ƙasar Kano take iya tsotse damshin abu a yini guda. Akushin da ya ɗan karkace bayan ya bushe, bakinsa ya tashi daga da'ira ya ɗan yi tsawo ta gefe ɗaya, ba kuskuren hannu ba ne. Itacen ne ya sami hanyar tsukewa ba tare da ya tsage ba. Turmi, da yake cibiyar itacen tana cikinsa, ba shi da wannan mafita, shi ya sa ake barinsa da kauri sosai, kuma duk da haka da wuya a ga tsohon turmi marar tsaga.

Sanin ya haɗa da zaɓen itace. Ƙirya, mai tauri da nauyi, ita ce ta turmi da taɓarya, ita ce kuma maƙera suka fi so su yi gawayi da ita. Aduwa ta allo ce. Ɗanya kuwa, da yake tana da sauƙin sassaƙa tana ɗanya, kuma gangar jikinta tana da faɗi, tun da can an san ta da akushi. J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937, ya rubuta irin wannan sani na manoma da masu sana'a. Sai kuma gamawa. Baƙin akushi ba fenti ba ne: ana babbaka fatar itacen da wuta ko da jan ƙarfe, a goge, a shafe da mai har ya sha, sa'an nan a yi masa zane a wuya. Shekara da shekaru man shanu da miya da hannun masu ci suna ƙara masa duhu da santsi. Itace ba ya saurin ɗaukar zafi ko sakinsa, don haka malmalar tuwon dawa da aka rufe da faifai takan kai gona da ɗuminta, mai ɗauka kuma bai ƙone hannu ba.

A Turai da Amurka akwai masu murza kwanon itace da suka mai da aikin ɗanyen itace fanni mai zaman kansa. Ƙungiyar masu murza itace ta Amurka an kafa ta a 1986, kuma David Ellsworth, wanda ya yi suna tun shekarun 1970 da tukwanen itace masu siririn jiki, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Hanyoyinsu biyu ne. Ko dai a murza kwanon a bar kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, a ajiye watanni ya bushe ya karkace, sa'an nan a mayar da shi kan inji a daidaita shi. Ko kuma a murza shi siriri sau ɗaya, a bar shi ya lanƙwashe yadda ya ga dama. Hanya ta biyu ita ce ta masassaƙinmu, kayan aiki ne kawai suka bambanta. A cikin wannan fanni ne ake yin kwano mai bakin ɓawo: a juya rabin gungume ta yadda bayan bishiyar zai zama bakin kwanon, a bar ɓawon a manne, bakin ya fito da tudu biyu da kwari biyu kamar sirdi. Masu murzawar suna ma lura da cewa ɓawon ya fi riƙewa in an sare bishiyar lokacin sanyi, sa'ad da ruwan jikinta ya kwanta.

Kwanon yana da kyan gani, amma ba akushi ba ne, kuma kuskure ne a ɗauka shi ne matakin gaba da sassaƙar Hausa za ta hau. Akushi abin cin abinci ne, ana wanke shi kullum, ana kife shi, yara na jan sa a ƙasa. Ɓawo ba ya jure wanki, miyar kuka za ta shige ƙarƙashinsa, ƙwaro zai sami maɓoya, hunturu ɗaya kuma ya isa ya ɓamɓare shi. Faifai ma ba zai zauna a kan baki mai hawa da sauka ba. Ga idon mai saye a kasuwar ƙauye, kwano da ɓawo a baki aiki ne da ba a gama ba, kuma bisa abin da yake nema a wurin kwano, yana da gaskiya. Wurin irin wannan kwano shi ne teburin falo, a zuba dabino ko goro, ko shagon kayan tsaraba a Abuja da Kasuwar Kurmi. Wannan kasuwa ce ta gaske, ba abin rainawa ba, sai dai ƙarama ce. Darasin da ke cikinsa wani ne dabam: ana yin sa da reshe ƙarami, karkatacce, irin wanda a nan murhu ne makomarsa.

Wani zai ce duk wannan ɓata baki ne, domin ba rashin itace ya kori akushi ba, kasuwa ce ta kore shi. Langa ta zo da furanninta ta mamaye jeren amare, samira da silba suka biyo, kula ta ƙwace aikin riƙe zafi, roba kuma ta karya farashin kowa. Wannan gaskiya ne, kuma babu wanda zai mayar da akushi cikin kowane ɗaki. Amma hujjar ba ta bayyana komai da komai ba. Turmi da taɓarya da muciya da allo da ƙotar fartanya duk suna nan ana saye, duk da injin niƙa da littafin makaranta, don haka mutane ba su guji itace ba. Akushi ma bai rasa masu so ba: dattawa da sarakuna, masu sayar da abincin gargajiya a birni, da masu bikin da suke son a ga al'ada. Abin da ya sa ya fi sauran wahala shi ne yana bukatar gungume mai faɗi, lafiyayye, marar rami, kuma kusan duk cikin gungumen a ƙasa yake ƙarewa. In babban itace ya yi nisa ya yi tsada, akushi ne farkon abin da masassaƙi zai daina yi, domin turmi ya fi shi kawo kuɗi daga itace ɗaya.

Kudancin Kano ne wurin da ya fi dacewa a ga wannan, domin nan ne jihar ta fi samun ruwan sama, nan ne kuma sauran dajinta yake. Dajin Falgore, wanda ya ratsa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, ya kusa murabba'in kilomita 1,000, an keɓe shi tun zamanin Turawa, kuma doka ta hana sara a cikinsa. A wajensa gona ta cinye saura. Madatsar Tiga, da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Baƙo, ta kawo noman rani, ta kuma shafe fili mai yawa. Mai bin hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Saminaka zai ga lodin itacen girki da buhunan gawayi suna nufar birni, kuma tsadar gas da kananzir ta ƙara wa wannan ciniki ƙarfi. Madobiya ta ga abin da ya fi haka: saboda yadda aka riƙa kwasar ta daga Afirka ta Yamma zuwa Sin, an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Masu cewa masassaƙa na cikin masu kashe daji ba su yi ƙarya ba, tunda kowane akushi bishiya ce ta faɗi kafin a same shi. Amma a kwatanta: gawayin bishiya guda 'yan makonni yake yi a murhu, akusan da aka fitar daga irinta kuwa sukan wuce wanda ya saye su, jikoki su gada. In ana neman wanda zai amfana da ragowar manyan itatuwa, mai gizago ya fi mai ramin gawayi hujja.

A nan ne injin murzawa yake da abin cewa. George Lailey, wanda ya rasu a 1958, shi ne na ƙarshe a Ingila cikin masu murza kwano da injin ƙafa a matsayin sana'ar gado, kuma injinsa yana ajiye a gidan tarihin rayuwar karkara da ke Reading. Ba wuta, ba fetur: sanda ce mai lanƙwasa a sama, igiya ta naɗe sandar da ke riƙe da itacen, mai aiki yana taka katako da ƙafa, itacen na juyawa gaba da baya. Da ƙugiyoyin ƙarfe masu lanƙwasa yake yanka ta gefe ya ciro cikin kwanon ɗungurungum, daga wannan ciki ya fitar da wani kwano, daga cikin wancan kuma wani. Wani mai suna Robin Wood ya farfaɗo da fasahar a shekarun 1990. Abin da gizago yake mayarwa sassaƙe, ƙugiya tana mayar da shi kwano uku ko huɗu, babba da matsakaici da ƙarami, masu shiga cikin juna. Injin ƙafa ya amsa masu cewa ba wutar lantarki a ƙauye, domin babu abin da ke jikin injin nan da kafinta da maƙerin Bebeji ko Kiru ba za su iya haɗawa ba, ƙugiyar ma daga tsohon sifirin ɗin mota za a ƙera ta. Ga kuma batun ƙananan rassa. A ƙasar Maraɗi, tun 1983 wani mai suna Tony Rinaudo da manoma suka fara rainon tohon kututture a gonaki maimakon sare shi, har aka kiyasta cewa fili kusan hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a Nijar. Irin wannan raino yana ba da rassan da ake ragewa kowace shekara tun kafin ya ba da gungume. Gizago ba ya jin daɗin reshe ƙarami, inji kuwa da shi ya fi sabawa.

Saura tsoron cewa inji zai ƙwace sana'ar daga gidajen da suka gaje ta. Tsoron yana da tushe, domin injin murzawa ya riga ya shigo Kano ta hannun kafintoci masu ƙafar gado da kujera, kuma da busasshen katako suke aiki. Wanda ya saba da busasshen katako, in aka ba shi ɗanyen gungume, zai bar cibiya a ciki, ya bar gindi da kauri, ya ajiye a rana, kwana biyu kwanon ya dare. Inji yana ba da da'ira, amma ba ya gaya wa mutum wace bishiya, wane wata, wane gefe na gungume, ko wace inuwa. Haka kuma akwai abin da ba zai taɓa karɓa daga gizago ba: babban akushin gayya ya fi ƙarfin injin ƙafa, turmi da kujerar tsugunno da allo kuma ba aikinsa ba ne. Don haka in wata hukuma ko ƙungiya za ta kai wannan fasaha Tudun Wada ko Doguwa, wurin masassaƙa ya kamata ta fara sauka, tare da maƙeran da suke yi musu gizago, kuma ta haɗa da ba su izinin ɗaukar itacen da iska ta kayar ko aikin hanya ya tumɓuke, kafin masu gawayi su riga su isa wurin.