Adireshi biyar a wani ofishi na New Bell

A saman wani shago kusa da Kasuwar Kongo, cikin New Bell, na wuni ina kallon wani saurayi yana aiki. Ofishin na masu fito da kaya ne daga tashar jiragen ruwan Duwala, su yi lodinsu zuwa Garwa da Kusiri da Injamena. Buƙatar Alhaji mai wurin uku ce: ya ga sito ta kyamarori a wayarsa, akawunsa ya buɗe littafin lissafi ko yana Ngawundere, kada kuma baƙon ido ya leƙo.

Kamfanin intanet ya ba su rukunin adireshi takwas na fili. Saurayin ya ƙirga da yatsu: na farko sunan rukunin ne, na ƙarshe na shela, ɗaya na rawutar kamfani, saura biyar. Biyar ɗin nan dukiya ce, domin adireshin IPv4 duka-duka kimanin biliyan 4.3 ne, babban rumbunsu ya ƙare tun Fabrairun 2011, rabon Afirka kuwa AFRINIC ce ke auna shi daga Morishiyos.

Katangar tsaron tasa 'yar akwatin MikroTik ce, ƙirar Latbiya, ba ta kai faranti ba. Ya ware adireshi ɗaya don fitar ma'aikata, ɗaya don sabar wasiƙu, ɗaya don VPN, biyu ya ajiye. Tsarin kamar zaure ne: na waje lambar ƙofar gida kawai yake gani, ɗakunan ciki na da nasu lambobin.

Inda ya burge ni shi ne jerin dokoki. Na'urar daga sama take karantowa, dokar da ta fara dacewa ita ke aiki, don haka layi ɗaya ya zauna ba a muhallinsa ba, ƙofa ta buɗe. Ya sa amsar abin da aka nema daga ciki a sama, ya rufe jerin da korar duk wanda ba a ambata ba. Kafin ya taɓa komai sai da ya kunna yanayin kariya, wanda ke warware canji in haɗi ya yanke, don kada ya kulle kansa a waje.

Alhaji ya ce, “Yaro, buɗe kyamarorin kai tsaye mana, ya fi sauƙi.”

“Ranka ya daɗe, in na buɗe maka, na buɗe wa duniya.”

Sai ya tura su bayan VPN ɗin WireGuard, ƙofa ta 51820, kowace waya da makullinta. In an sace waya a kasuwa, makullinta kaɗai za a soke. Ya kuma sauya lambobin cikin ofis daga 192.168.1.0, tunda rawutar gidaje da yawa da su take amfani, in suka yi karo hanya ta toshe.

Bayan la'asar ya kashe Wi-Fi ɗin wayar Alhaji, ya kunna data, suka sauka bakin titi cikin hayaniyar masu babura. Alhaji ya latsa, sai ga buhunan shinkafa jere a sito, mai gadi na ninke dardumarsa.