Bidiyon Zaki da Damisa: Ana Nuna Mana Ƙarfi, Ana Ɓoye Mana Lissafi

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya san irin bidiyon nan: zaki ya danne ɓauna, damisa ta haye bishiya da barewa a baki, ga murya a bayan fage tana zuba kirari da alƙaluma. Yanzu har da fassarar Hausa ake yi, jama'a kuma na kallo sosai. Abin a yaba ne, domin sun sa yaron da bai taɓa shiga daji ba ya san waɗannan dabbobi. Matsalarsu ita ce rabin labari suke bayarwa, kuma rabin da suke bari shi ne mai muhimmanci.

Mu fara da gudu. Kusan kowane bidiyo zai ce maka cita, wato siririyar damisar nan mai dogayen ƙafafu da baƙin layi daga ido zuwa baki, tana gudun kilomita 120 a awa. To, a 2013 Alan Wilson da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature, bayan sun rataya wa cita biyar na'urar auna motsi a dajin Botswana. Cikin gudu 367 da suka auna, mafi sauri bai wuce kilomita 93 a awa ba, kuma yawanci dabbar ba ta ma kusantar haka. Abin da ke ba ta nasara shi ne iya cin birki da juyawa nan take idan barewa ta kauce. Wannan ai ya fi ban mamaki, amma da yake ba ya shiga taken bidiyo, sai a tsallake shi.

Haka batun zaki. Namiji kan kai kilo 150 zuwa sama da 200, kuma ana iya jin rurinsa daga nisan kilomita 8. Duk gaskiya ne. Sai dai zaki ba ya jure dogon gudu, yakan shafe mafi yawan yini a kwance, kuma farautar da yake fita ya dawo hannu rabbana ta fi wadda yake kamawa yawa. Mai haɗa bidiyo ya yanke duk wannan, ya bar maka daƙiƙa talatin na nasara. Ita ma damisa ba don burgewa take jan nama zuwa kan bishiya ba. Tsoron kura da zaki ne, kada su ƙwace mata.

Babban abin da ake ɓoyewa shi ne kuɗin da wannan jiki yake ci. A 2002, Chris Carbone da John Gittleman sun nuna a mujallar Science cewa kimanin kilo 10,000 na dabbobin da ake farauta ne ke iya riƙe kilo 90 kacal na mai farautarsu. Yi lissafi da kanka: zaki ɗaya mai kilo 180 na buƙatar garken da ya kai kilo 20,000 yana yawo a dajinsa. Garken kuma na buƙatar ciyawa da ruwa da fili. Ka ga ashe girman da ake yi wa kirari shi ne ya sa zaki ke saurin ƙarewa. Ba sai an harbe shi ba. A kafa tarkon waya a kwashe gwanki da barewa a kai kasuwar naman daji, yunwa za ta tura shi garken shanu. Makiyayin da ya yi asara, ba wanda zai biya shi, sai ya zuba guba a mushe, ta kashe zaki da kura da ungulu a lokaci guda.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Binciken Philipp Henschel da tawagarsa na 2014 ya gano cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kusan 400 ne, manyan cikinsu ba su kai 250 ba, kuma a wurare huɗu kawai: Niokolo-Koba a Senegal, dazukan W da Arly da Pendjari da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Amma bidiyon da ake fassara mana kusan duk daga Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu aka ɗauko su. Mai kallo a Bauchi zai gama ya ɗauka daji cike yake da manyan dawa, alhali na Yankari da ke kusa da shi sun kusa ƙarewa.

Ba cewa ake a daina nuna farauta ba. Shirin Dynasties na BBC na 2018 ya nuna farauta, ya kuma nuna yadda guba ta faɗa wa zakunan Masai Mara, bai rasa masu kallo ba. Masu yi mana bidiyo da Hausa za su iya haka: in an faɗi nauyin zaki, a faɗi yawan naman da ke riƙe shi, a faɗi nawa suka rage da inda suke, a kuma ji ta bakin makiyayin da ke kwana kusa da su.