Ana Tsine wa Kurmar Alpaka, Ana Tsada da Iyayenta

A tsakanin masu kiwon alpaka, wato 'yar uwar raƙumin nan marar tozo da asalinta tsaunukan Andes ne, akwai shawarar da ake yawan maimaitawa a Amurka da Ostireliya: idan aka haifa maka fara fat mai shuɗin ido, ka raba ta da garke, kada ka bari ta hayayyafa. Dalilin gaskiya ne, da yawa daga irin waɗannan kurame ne. Amma a ganina shawarar ta tsaya a rabin hanya.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin da ke ba gashi launi, su ne kuma suke zama a can cikin kunne su taimaka wa ji. Tun ɗan yana ciki suke yin ƙaura zuwa fata da ido da kunne, kuma wata ƙwayar gado mai suna KIT na cikin masu jagorantar tafiyar. In ta sami tangarɗa, ba sa isa. Sai gashi ya fito fari, ido shuɗi, kunne shiru. Ko farar kyanwa mai shuɗin ido haka take fama, duk da cewa sauyin da ke cikin tata KIT ɗin ya bambanta.

To, daga ina tangarɗar take zuwa? Nan ne ake kawar da kai. Launin tokar nan da masu saye ke rububi, shi ma sauyi ne a KIT ɗin. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa haɗa mai toka da fara, ko da mai ɗigon fari, yakan haifar da mai shuɗin ido. Binciken da ya gano sauyin bai sami dabba ko ɗaya mai kwafi biyu nasa ba, abin da ke nuna cewa ɗan da ya gaji biyun tun a ciki yake lalacewa. Alpaka kuwa wata 11 da ɗoriya take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya tal. Ɓari ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

Ka ga kenan kurmar ba ita ta kawo matsalar ba, ita ce kawai ake iya gani da ido. Uban nan mai launin toka da ake biyan kuɗi mai kauri don ya yi barbara, ba a tuhumarsa. Tunda yanzu ana gwajin sauyin da ɗan jini ko gashi, mai sayar da namiji ya kamata ya nuna sakamakon, ya kuma faɗi 'ya'ya nawa ya haifa masu shuɗin ido, kafin a yi ciniki.